Shin katangar bulo mai inci tara tana tare ɓarɓashin bam?

Tambayar daga wani magini ce a Jos. Kwamitin wata makarantar Islamiyya da ke bakin titi ya ba shi aikin sake katanga, aka ce masa ana son wadda za ta kare yara daga ɓarɓashin bam idan wani abu ya tashi a waje, Allah ya kiyaye. Niyyarsa ya jera bulo mai inci tara, ya yi filasta ciki da waje. Yana son ya san ko hakan ya wadatar, da kuma yadda masu gwaji suke gane abin da bango zai iya tarewa.

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya tun ba a haƙa tushe ba. Aikina na injiniyan gine-gine ne a nan Abuja, kuma ba zan ɓoye maka ba: bulo mai rami da ba a cika shi ba bai wadatar ba, wani lokacin ma shi kansa yakan koma abin da zai ji wa mutane rauni. Amma in na tsaya a nan kwamiti za su ce ra'ayi ne, don haka bari mu bi abin tun daga ɗakin gwaji.

Idan abu ya fashe, abubuwa biyu ne suke tasowa, kuma kowanne da halinsa. Akwai bugun iska, wanda ke ture bango gaba ɗayansa. Akwai kuma ɓarɓashi, wanda ke huda shi a wuri guda. Ɓarɓashin ma iri biyu ne. Na farko shi ne ƙarfen da ke lulluɓe da abin fashewar, wanda ke tsagewa ƙanana ƙanana ya fita da gudun da kan kai mita 1,000 zuwa 2,000 a sakan ɗaya. Harsashin AK-47 da kowa ke tsoro, kusan mita 715 yake yi a sakan. Na biyu shi ne duk abin da fashewar ta tarar a hanya ta kwasa: tsakuwa, gilashi, kwano, gutsuren bango. Waɗannan ba su kai na farko gudu ba, amma sun fi shi girma da nauyi.

Ba sai ƙarfe ya yi girma ba kafin ya yi ɓarna. Guntun da ake yawan amfani da shi a gwaji giram 1.1 ne kacal, faɗinsa bai kai milimita 6 ba. In yana tafiyar mita 1,000 a sakan, ƙarfin da ke tare da shi jul 550 ne (jul shi ne ma'aunin irin wannan ƙarfi), kwatankwacin abu mai kilo 20 da ya faɗo daga tsayin kusan mita 3, sai dai duk ƙarfin ya taru a ɗan wurin da bai kai faɗin fensir ba. Masu kula da rumbunan makamai kuwa suna lissafa duk guntun da ya kai jul 79 a matsayin mai haɗari ga ɗan Adam. Kuma gudu ya fi nauyi tasiri: ka ninka nauyi sau biyu, ƙarfi ya ninka sau biyu, ka ninka gudu sau biyu, ƙarfi ya ninka sau huɗu.

Yawancin lissafin da muke aiki da shi yau a lokacin yaƙin duniya na biyu aka haife shi. A 1943 Ronald Gurney, yana aiki a cibiyar gwajin makamai ta Aberdeen a jihar Maryland ta Amurka, ya fitar da hanyar ƙiyasta gudun ɓarɓashi. A wannan zamanin Nevill Mott a Ingila ya yi aiki kan yadda ƙarfe ke rarrabuwa, nawa ne manya nawa ne ƙanana. A 1946 wani kwamitin binciken tsaro na Amurka ya fitar da lissafin zurfin da ƙarfe ke shiga cikin kankare, wanda har gobe ana amfani da gyararren sa. Littafin da injiniyoyi suka fi dogara da shi wajen zana ginin da zai jure fashewa ya fara fitowa a 1969, yanzu ana kiransa UFC 3-340-02.

Gwajin kansa hanya biyu ake bi. Ta farko a fili ake yi, nesa da gari. A ajiye abin fashewa a tsakiya, a kewaye shi da bangaye iri iri a tazarar da aka auna, a kafa kyamarori masu ɗaukar dubban hotuna a sakan, a kuma jera tarin allunan katako mai laushi da za su kama ɓarɓashin. Bayan an tayar, sai ma'aikata su bi allunan ɗaya bayan ɗaya suna zaƙulo gutsattsarin, a auna nauyin kowanne, a rubuta inda ya shiga da zurfinsa. Wannan gwajin ya fi kama da gaskiya, amma yana da tsada, kuma ba a taɓa samun fashewa biyu iri ɗaya.

Shi ya sa aka ƙirƙiro hanya ta biyu. A ƙera guntun ƙarfe mai tsayayyen nauyi da siffa, bakinsa a dakushe, wanda zai tsaya a madadin ɓarɓashi. Akwai mai giram 1.1, da mai kusan giram 3, da mai giram 13, har da babba mai faɗin milimita 20 wanda ya haura giram 50. A harba shi daga bututu a cikin ɗaki, a sa na'ura ta auna gudunsa kafin ya isa abin da ake gwadawa. In ya huda, a rage gudu. In ya tsaya, a ƙara. Haka za a yi ta yi har a samu, misali, harbi uku da suka huda da uku da suka tsaya, dukkansu gudunsu kusa da juna. Matsakaicin waɗannan shi ake kira V50, wato gudun da rabin harbi zai wuce, rabi ya tsaya. Ƙa'idar ƙungiyar NATO mai suna STANAG 2920 da ta sojan Amurka MIL-STD-662 su suka tsara wannan hanya. Asalinsu don sulke aka yi su, daga baya masu gwajin kayan gini suka ara.

Ka lura da abin da V50 yake nufi, domin 'yan kasuwa suna ruɗa mutane da shi. Ba shi ne gudun da abu ke tarewa ba. Gudun da ake canki-canka ne. Wanda ya nuna maka takarda ya ce ƙofarsa tana da V50 kaza, tambaye shi da wane guntu aka gwada, mai giram nawa, kuma a wane ɗakin gwaji.

Abin da ya fi burge ni a duk tsarin shi ne farantin shaida. Wani siririn falle ne na alminiyam, kaurinsa rabin milimita, ana rataye shi kamar inci 6 a bayan abin da ake gwadawa. Bayan kowane harbi sai a ciro shi a ɗaga shi gaban ƙwan lantarki. In haske ya ɓullo ko da ta ɗan ƙaramin rami ne, an rubuta cewa an huda. Ba ruwan mai gwaji da ko ƙarfen da aka harba ne ya yi ramin ko gutsuren bangon ne ya ɓalle ya yi shi. Farantin yana tsaye ne a madadin fatar mutumin da ke bayan bango, ita kuwa fata ba ta tambayar daga ina.

Nan muka zo kan abin da nake son ka riƙe. Idan ƙarfe ya daki kankare, abin da ido ke fara gani shi ne rami a fuskar gaba, mai faɗin baki kamar mazurari, sannan ƙarfen ya kutsa ciki yana niƙa siminti da tsakuwa har ƙarfinsa ya ƙare. Amma tun kafin ya yi nisa, bugun da ya yi ya riga shi tafiya. Girgizar matsi tana ratsa kankare da gudun kusan mita 4,000 a sakan. Da ta isa fuskar baya, inda babu komai sai iska, sai ta juyo, kuma a juyowar nan ba matsi take yi ba, ja take yi. Shi kuwa kankare gwani ne wajen jure danni, rago ne wajen jure ja; ƙarfinsa a ja bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a danni ba. Sai fuskar baya ta ɓare, faifan kankare ya fita da gudu zuwa cikin ɗaki, alhali ƙarfen yana nan maƙale a tsakiyar bango bai wuce ba. Bertram Hopkinson ya bayyana wannan a Ingila tun 1914. Kai ma ka san shi a hannunka: in kana fasa bango da guduma da kurfi don shigar da bututu, sau da yawa filastar ɗaya gefen ce ke zubewa tun kurfin bai leƙa ba.

Saboda haka kauri uku injiniya ke lissafawa, ba ɗaya ba. Akwai zurfin da ƙarfe zai shiga. Akwai kaurin da zai hana shi fita ta baya, wanda ya fi wancan, domin bango kan buɗe masa hanya idan ya kusa ƙarshe. Sannan akwai kaurin da zai hana bayan ɓarewa, shi ne mafi girma a cikinsu. In akwai mutane a baya, na ukun ake nema.

To yanzu ɗauki bulonka mai inci tara ka juya shi ka dubi cikinsa. Ramuka biyu ne manya, fatar kowane gefe ba ta wuce inci biyu ba, a wurin wasu masu buga bulo ma ba ta kai ba. Guntun da ya faɗa daidai rami, abin da zai ratsa bai fi inci huɗu ba, sauran iska ce. Kuma inci huɗun ba kankare ba ne, yashi ne da siminti babu tsakuwa. Ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, tana neman bulo mai ɗaukar nauyi ya kai kusan megafaskal 3.5 (megafaskal ma'aunin jure danni ne), alhali kankaren da ake zuba ginshiƙi da shi 20 zuwa 25 ne. Ka fi ni sanin cewa a kasuwa akwai bulon da in ka matsa gefensa da babban yatsa sai ya yi gari, saboda an matse buhun siminti ɗaya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, ba a kuma ba shi ruwa yadda ya kamata ba. Idan an shafe shi da filasta an yi fenti, kallon kitse ake yi wa rogo.

Matsala ta biyu ta fi wannan muni. Katangar bulo da babu rodi a cikinta, turmin siminti ne kawai ke riƙe da ita. Idan fashewa ta yi kusa, ɓarɓashi ya tsattsaga ta, bugun iska ya ture ta, kusan a lokaci guda. Sai bulon ya tashi gunduwa gunduwa ya nufi tsakar makaranta. An gudu gara an faɗa gidan zago. Masu gwaji sun daɗe da lura cewa haɗuwar biyun nan tana yin ɓarnar da ta fi in an gwada kowanne shi kaɗai.

Mutane da yawa suna zaton ƙara siminti shi ne magani. Yana taimakawa, amma ba yadda ake tsammani ba. A lissafin 1946 da na ambata, in ka ninka ƙarfin kankare sau biyu, zurfin da ƙarfe ke shiga bai raguwa da ko kashi ɗaya cikin uku. A 1992 an wallafa wani gwaji a Amurka inda aka harba sandunan ƙarfe masu tsini a kan kankare mai megafaskal 48 da mai 140, kusan ninki uku ke nan, amma bambancin gudun da suka fita da shi ta baya bai taka kara ya karya ba. Kauri ya fi ƙarfi amfani. Irin tsakuwar ma tana da tasiri, domin dutse mai tauri yana dakushe ƙarfe yana karkatar da shi. A nan kam Allah ya yi mana gata: dutsen da ake fasawa a kewayen Jos da wanda ake fasawa a Mpape a nan Abuja, dutse ne mai taurin gaske.

Rodi kuma aikinsa ba tare ɓarɓashi ba ne, sai dai in an yi sa'a guntun ya faɗa kansa. Aikinsa ya riƙe bango kada ya watse. Shi ya sa ake son a sa shi a fuska biyu, gaba da baya, a ɗaure su da juna, ƙafarsa ta nutse cikin tushe. A wuraren da ake tsananin buƙata ana ƙara wani abu a fuskar ciki da zai kama abin da ya ɓare: farantin ƙarfe, ko raga mai ƙananan idanu, ko wata roba mai kauri da ake fesawa, wadda sojan saman Amurka suka fara gwadawa a kan bangon bulo a ƙarshen shekarun 1990. Kankaren da aka cuɗa da gajerun zaren ƙarfe shi ma yana rage ɓarewa sosai.

Abin da zai ba kwamiti mamaki shi ne yashi. Ba a banza sojoji ke jera buhuna a shingayen bincike ba, kun ga isassu a Jos. Yashi ba ya tsagewa kuma ba shi da fuskar baya da za ta ɓare. Ƙwayoyinsa ne ke gogar juna suna shanye ƙarfin guntun. Busasshe ya fi jiƙaƙƙe aiki, kuma yashi ya fi laka. Kwandunan waya masu rufin yadi da ake cika wa da ƙasa, waɗanda ake kira Hesco, a kan wannan hikimar aka gina su. Aibinsa biyu: yana cin wuri, kuma buhun leda rana tana cinye shi cikin 'yan watanni, sai ka ga yashin ya tsiyaye. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos ya tsaya a gindin kwaikwayon ganuwar Kano, ya ga yadda magabata suka dogara da kauri tun kafin a zo da lissafi.

Ƙarfe kuwa halinsa daban. Siririn falle irin na ƙofar gida, mai milimita ɗaya ko biyu, yagewa yake yi ya buɗe. Mai kauri kuma guntu mai dakusasshen baki yakan yanke masa toshi daidai faɗinsa ya tura shi gaba, sai abu biyu su fito ta baya maimakon ɗaya. Kwanon rufi kada ma a sa shi a lissafi. Ƙofar makarantar ita ce za ta zama wuri mafi rauni a duk katangar, don haka kada ta kalli ƙofar aji ko filin da yara ke taruwa kai tsaye. Ɗan gajeren bango mai kauri a bayanta, wanda mai shiga zai kewaya, yana toshe wannan kafar. Tsarin zaure ne dai da muka gada.

Kada a kashe duk kuɗin a katanga a manta da tagogi. A harin ofishin jakadancin Amurka a Nairobi ranar 7 ga Agusta 1998, mutum sama da 200 suka rasu, kusan 4,000 suka ji rauni, kuma da yawansu gilashi ne ya yanke su, domin sun ji ƙarar gurnetin da aka fara jefawa sun taso bakin taga su ga abin da ke faruwa. Gilashin gama-gari yana fashewa dogaye masu kaifi. Wanda aka gasa yana fashewa ƙanana, amma su ma suna tashi da gudu. Mai falle biyu da roba a tsakani shi ne ke riƙe gutsattsarinsa, muddin firam ɗin ya kama bango da kyau. Ledar da ake mannawa a kan tsohon gilashi tana taimakawa, amma in ba a kama bakinta da firam ba, gilashin gaba ɗaya ne zai fita kamar faifai. Ajin da ke fuskantar titi, in da hali a rage girman tagoginsa ko a ɗaga su sama da kan yaro a zaune. A kuma koya wa yara da malamai cewa in an ji ƙara a kwanta ƙasa nesa da taga, kada kuma a ruga wurin. A kasuwar Terminus ta Jos ranar 20 ga Mayu 2014 fashewa ta biyu ta zo ne bayan mutane sun taru ceto, kuma aƙalla mutum 118 aka rasa, Allah ya jiƙansu.

Sai tazara. Bugun iska yana mutuwa da sauri in aka yi nisa. 'Yan mitoci kaɗan suna kawo babban bambanci. Ɓarɓashi ya fi shi naci, manyan gutsattsari suna iya tafiyar ɗaruruwan mitoci. Amma in ka ninka tazara sau biyu, adadin da zai faɗa kan bango guda yana komawa kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ƙananan sun riga sun rage gudu saboda suna tafiya suna juyi iska tana birkinsu. A ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a nan Abuja, ranar 26 ga Agusta 2011, motar da ke ɗauke da bam ta karya ƙofofi ta kai har jikin ginin, aka rasa sama da mutum 20. Babu bangon da talaka zai iya ginawa da zai jure abu a jikinsa. Hana mota tsayawa a gindin katanga, ta hanyar amfani da durom cike da kankare ko kwalbati mai zurfi, ya fi ƙarin inci uku a kauri.

In ni ne kai, ga abin da zan kai wa kwamiti. Ɓangaren da ke kallon titi a zuba shi da kankare mai rodi fuska biyu. In kuɗi bai kai ba, a yi amfani da bulo mai kyau, a sa rodi a tsaye cikin ramukan tun daga tushe, a cika kowane rami da kankare mai tsakuwa, ana zubawa ana soka shi da sanda layi layi don kada a bar kogo, a ɗaure saman da bim. In akwai fili, bango biyu da busasshen yashi a tsakani, a rufe samansa kada ruwan damina ya shiga, ya fi bango ɗaya mai tsada. A bar kankare ya sha ruwa, domin sai ya kwana 28 ake lissafa ƙarfinsa. Kaurin da za a zaɓa da girman rodin kuwa, injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ne zai fitar bayan ya ga wurin, ya auna tazarar titi da ajujuwa, domin doguwar katanga mai nauyi da aka kafa a kan raunannen tushe ita ma haɗari ce ga yara ko babu bam.

Kada wani ya ce zai gwada bangon da harbi ko da nakiyar fasa dutse. Laifi ne a doka, kuma sakamakon ba zai gaya maka komai ba tunda babu awo. Gwajin da ke hannunka shi ne na ƙarfin kaya: ka ɗebi bulo daga cikin lodin da aka kawo, ba wanda mai bulo ya zaɓo maka ba, ka kuma zuba samfurin kankaren a ranar aiki, a kai ɗakin gwajin kayan gini na jami'a ko na NBRRI, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, a danne su a ba ka takarda. Kuma ka sa kwamiti su rubuta a yarjejeniya cewa katangar tana rage haɗari ne, kada a sanar da iyaye cewa bam ba ya ratsa ta.